Kurar Bayan Kamfanin Fata

Litinin, 4 ga Afrilu 1983, bayan la'asar

An sake ɗauke akuya a Panshekara, wannan karon ta gidan mai unguwa. Ni dai hannuna na zuba wake da shinkafa a bakin get ɗin kamfanin fata, kunnena na wajen leburori. Kowa da nasa. Wani ya ce kura ce daga kogin Chalawa, wani ya ce yaushe rabon a ga kura a nan tun da injina suka fara ruri. Baba Ishaya mai gadi, uban ƙawata Rahila, shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya ce ya bi sawun da safe, ƙafa huɗu ne daga turken akuyar har gangaren kogi, daga nan ya koma ƙafa biyu, kuma kamfani ya nufo. Sai wani ya ce burkutun Ista ne bai sake shi ba. Sharri ne. Gidan haya ɗaya muke, ko lemo Baba Ishaya ba ya sha sai an matsa masa.

Yaya Uwaisu ya fito cikin 'yan aikin safe, ya wuce ni ko kallon tukunya bai yi ba. Mutumin da nake ɓoye wa ƙanzo don kada ya tayar min da bori! Tun da ya dawo daga ta'aziyyar Baffa a ƙauyenmu na wajen Gumel yake haka. Na ce ko girkina ne ya lalace, amma ai sauran har suɗe kwano suka yi.

Laraba, da hantsi

Yaya ya roƙi foman ya mayar da shi aikin yamma. Yanzu sai gari ya waye yake shigowa, kayansa sharkaf. Wai wanka yake tsayawa yi a kogi saboda warin fata. Oho! Shekara da shekaru yana saɓar ƙirgi a kafaɗa, warin bai taɓa damunsa ba, mu yake damu. Sai yanzu ya zama ɗan gayu.

Karen su Rahila da ke bin sa har bakin titi yana lasar masa ƙafa, yau da ya gan shi sai ya shige ƙarƙashin benci yana kuka ƙasa-ƙasa. Na nuna wa Inna. Ta ce in je in wanke tukwane, in bar wa wancan harkarsa. Amma na ga yadda ta bi bayansa da ido har ya shiga ɗaki. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Alhamis, da azahar

Na share ɗakin Yaya. Ba zan rubuta abin da na tarar a ƙarƙashin tabarmarsa ba. Na wanke tsintsiyar da omo.

Asabar, bayan la'asar

Mai unguwa da mutanen kamfani sun ɗauko maharbi daga wajen Kumbotso, sunansa Ashafa. Dogo ne siriri, layu har gwiwar hannu, da bindiga harba-ka-ruga da karnuka masu yankakken kunne. A wurina ya ci abinci. Ban so zamansa ba, don loma yake kaiwa baki amma idonsa na kan hannuwan mutane.

Ya ce ya duba ɗakin da ake tara tsokar da aka kankare daga jikin fatu. Ba fasa ƙofar aka yi ba, sakata aka zare, aka ci, aka fito, aka mayar da sakatar. Ya ce shi dai tun da yake yawon dawa bai taɓa ganin kura mai rufe ƙofa ba, sai dai mutum ya rikiɗa, kuma mutumin ya san kamfanin nan ciki da bai.

Shi ke nan ya jefa mana fitina. Kafin jiniya ta sake bugawa, mutanen da ke cin kwano ɗaya sun rarrabu. 'Yan Nijar sun koma gindin darbejiya suna kallon 'yan Filato, 'yan Filato na kallon 'yan Nijar, Kanawa na kallon kowa. Har ni wani ya tambaya me ya sa yajina ya yi ja haka. Na ce ya tambayi barkono.

Talata, bayan azahar

Jiya da magariba muka ji ƙarar bindiga ta bayan kamfani. Ashafa ya rantse ya sami kurar a kafaɗar hagu. Yau da safe ya tsaya a get tare da foman, duk wanda zai shiga sai ya tuɓe riga, wai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin ya so ya ba ni dariya. Wa ya taɓa ganin ɗan kamfanin fata mai lafiyayyen jiki? Wannan ruwan toka ya ƙona shi, wancan wuƙar kankara ta yanke shi, kowa da tabonsa. Ashafa ya duba ya duba ya gaji.

Dariyar ta ɗauke min da ya zo ya tsuguna a gabana ya ce an ce yayana bai fito ba. Na ce zazzaɓi yake tun shekaranjiya. Ƙarya na yi, shekaranjiya da ƙafarsa ya fita. Ashafa ya ce Allah ya sawwaƙe, ya daɗe yana kallona kafin ya miƙe.

Na dawo gida na tarar da Inna ta tafasa bagaruwa, ta shige ɗakin Yaya da tsummoki ta turo ƙofa. Ruwan da ta fito da shi ja ne. Bayan banɗaki ta kai shi ta zubar, ta bi da toka. Ta ce wuƙar aiki ce ta yanki wancan, kuma in foman ya ji zai ce ba zai iya ɗaukar kaya ba, ya sallame shi, don haka in kama bakina.

Yana iya zama gaskiya. Wuƙa na yankan mutane kullum a kamfanin nan. Kullum tana yankan su.

Juma'a, bayan isha

In ban rubuta wannan ba, zan fashe.

Na makara wajen wanke-wanke, sai na yanke ta bayan kamfani, ta gefen tsohon ramin tokar da aka daina jiƙa fatu a ciki. Ana kiran magariba, tukwane a kaina. Na ji haushin karnukan Ashafa daga nesa, ban ankara ba sai ga kurar ta faso ciyawa ta tsaya a tsakiyar hanya. Ni 'yasu! Ban san kura na kai girman nan ba. Bayanta a zube, ƙafar gaba ta hagu a ɗage, numfashinta kamar zugazugi. Na sauke tukunyar sama na jefe ta, ta kauce, tukunyar ta gangara rami tana ƙara.

Ba ta taso min ba. Tsayawa ta yi tana shinshina iska.

Babban karen Ashafa ne ya fara isowa, kumfa a baki, ya riga ya haukace da gudu. Maimakon ya nufe ta sai ya yo kaina, ya cafki zanena ya kayar da ni. Ina jin haƙoransa a ƙaurina sai na ji an fizge shi. Kafin in ɗago, ta ɗaga shi ta wuya ta girgiza ta maka shi da katangar kamfani, bai ƙara motsi ba. Sannan ta juyo ta kalle ni. Na san kallon nan. Shi ake yi min in na dawo gida bayan magariba. Ba zan ce na wane ne ba.

Ta faɗa gonar rogo tana ɗingishi, ta yi wajen kogi. Ashafa da yaransa suka iso da gudu suna tambayar ina ta bi. Na ɗaga hannu na nuna musu titin kwalta.

A gida tabarmar Yaya ba kowa. Inna ta ce ya tafi masallaci. Ta ga zanena a yage, ta ga ba tukunya ɗaya, ba ta tambaye ni komai ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni.

Lahadi, da la'asar

Rahila.

Jiya da magariba ta bi hanyar nan za ta kai wa babanta tuwo. Na san hanyar, na san lokacin, muna tsakar gida tare tana ɗaure kwanon, ban ce mata uffan ba. Don in na ce kada ta bi, za ta tambayi dalili. Kurar ta kama ta, an kai ta asibiti cikin gari a motar kamfani. Sun ce ba za a yanke ƙafar ba, amma jijiya ta taɓu.

Na tsani kaina. Na tsani Inna da shirunta. Shi kuma ban san abin da zan yi da shi a raina ba.

Litinin, bayan magariba

Na je duba ta. Ta rame a kwana biyu kawai. Ta ce abin ya kama ta ta baya ya ja ta cikin ciyawa, da ta ƙwalla ƙara ta kira babanta sai ya sake ta kamar ya taɓa wuta, ya ja da baya, ya ruga yana wani irin kuka da ba na dabba ba. Ta ce ita abin da ya fi tsaya mata ke nan, kukan.

Sai ta tambaye ni Yaya Uwaisu, wai ko sannu bai aiko mata ba, shi da ke kawo mata mangwaro daga bakin kogi. Na ce ba shi da lafiya. Ta tambayi me ke damunsa. Na ce kafaɗa. Ban san ya aka yi kalmar ta kuɓuce min ba. Rahila ta dube ni, ta dube ni, ta juya fuska wajen bango. Baba Ishaya na tsaye a bakin ƙofa da ledar magani, ban san tun yaushe yake wurin ba.

Talata, da yamma

Na same shi a ɗaki yana zaune a duhu da rana tsaka. Ya zama ƙashi da fata, idanunsa sun faɗa. Na shirya maganganu da yawa a hanya, har da zagi, amma abin da ya fito guda ne.

"Yaya, Rahila ce fa."

Ya sunkuyar da kai har ya kusa taɓa gwiwa.

"Baffa bai tambaye ni ba, Atika," in ji shi. "Hannuna kawai ya riƙe da zai cika."

Sai na gane Baffa ne ya gadar masa da wannan abu. Da rana ta yi ja ya tashi ya cire rigarsa ya ninke a kan tabarma, ya ce in sa sakata in ya fita, kuma kada in buɗe wa kowa ko da muryarsa na ji.

Laraba, da asuba

Bai dawo ba.

Laraba, da isha

Bai dawo ba. Inna ba ta ɗora tukunya ba, ni ma ban fita talla ba.

Alhamis, bayan la'asar

Tun da sassafe jiniyar kamfani ke bugawa ba ƙaƙƙautawa. Ashe Ashafa ya rufe bakin tsohon ramin tokar da kara, ya ɗora kayan ciki a kai, kurar ta zo ta rufta. Kafin in isa wurin ya cika maƙil, leburori da mutanen gari, wasu da gora wasu da adda. Ramin ya fi tsayin mutum biyu, bangonsa siminti ne mai santsi. Tana ciki tana zagaye, tana tsalle tana zamowa, jikinta fari fat da busasshiyar toka. Yara na jifanta.

Ba a daɗe ba aka fara lissafin wanda bai zo aiki ba. Ban san wa ya fara faɗin sunan Yaya ba, na dai ji yana yawo a baki kamar wutar kara, mutane na matsawa daga kusa da ni.

Ashafa ya ɗura bindiga. Foman ya riƙe masa hannu, ya ce ramin a filin kamfani yake, in ta tabbata mutum ne to kisan kai aka yi, shi ba zai ɗauki wannan ba sai 'yan sanda sun zo daga Bompai gobe. Ashafa ya ce ai akwai hanya mai sauƙi da kowane maharbi ya sani: wanda ya rikiɗa ba ya iya jin uwarsa ta kira sunansa sau uku ya ƙi amsawa. A kawo uwar. In bai amsa ba dabba ce, a harbe. In ya amsa, jama'a sun san abin da za su yi da shi tun kafin Bompai ta ji labari. Na duba addunan nan, na gane ko ta ina aka bi Yaya ba zai fito da rai ba.

Aka je aka taho da Inna. Ta zo a hankali, mayafi har goshi. Tana isowa bakin ramin kurar ta daina zagaye, ta koma lungu ta kwanta ta juya fuska ga bango. Ina fata ni kaɗai na lura.

Ashafa ya ce ta kira. Inna ba ta ko dubi ramin ba.

"Ɗan fari ne," in ji ta. "Tun ranar sunansa bakina bai taɓa furta shi ba, ko a ɗaki, ko a gaban ubansa. Sai yau, a gaban maza, a bakin rami? Ku nemi mara kunya, ba ni ba."

Wallahi sai wurin ya juye. Tsofaffin matan da suka zo kallo suka hau Ashafa da faɗa, wai shi uwarsa kiran sunansa take yi? Wani dattijo cikin leburori ya ce ba a tilasta wa mace ta keta alkunya, ko alƙali bai yin haka. Maza da yawa suka sunkuyar da kai, kowa ya tuna tasa uwar. Ashafa ya yi tsaki ya sauke bindiga, ya ce ya ba da wa'adi zuwa fitowar rana, ko da 'yan sanda ko babu. Aka bar Baba Ishaya ya tsare ramin da kwari da bakansa, don an san shi ba zai bari ta tsere ba.

Duk tsawon rayuwata na ɗauka kunya ce kawai ke sa Inna cewa wancan. Yau na gane ba kunya kaɗai ba ce. Ta san zai amsa.

Juma'a, 22 ga Afrilu, da hantsi

Kiran assalatu na farko Inna ta tashe ni. Ta miƙo min rigar Yaya ta ce in riƙe. Muka bi ta gonar rogo. Ashafa da yaransa sun tafi masallacin bakin titi da karnukansu, saura Baba Ishaya zaune a kan bulo, kibiya a tsirkiya. Da ya ga mu ne bai sauke bakan ba.

Inna ta durƙusa a gabansa. Ban taɓa ganin ta durƙusa wa namiji ba tun rasuwar babanmu.

"Maman Atika," in ji shi, "'yata ba za ta ƙara taka ƙafar nan daidai ba."

"Na sani, Baban Rahila. Ba ni da bakin ba ku haƙuri."

Zakaru suka fara cara daga Panshekara, Baba Ishaya ya dubi ramin. Sannan ya ce Rahila ta sa shi ya yi mata alkawari, in ya samu hali ya tuna cewa abin ya sake ta da kansa. Ya ce shi bai yafe ba, kuma kada mu ɗauka ya yafe. Amma yana so ya ji da kunnensa. In dabba ce, ba sai Ashafa ya dawo ba, shi zai gama da ita. In mutum ne, ya haye kogi, kuma duk ranar da ya sake ganinsa a wannan gaɓar, a kowace irin fata, zai harba.

Inna ta karɓi rigar ta ce in juya baya, kada in kuskura in waiwaya. Na juya. Na ji ta matsa bakin ramin, na ji ta buɗe baki ta rufe. Na farko ko fita bai yi ba, iska ce kawai. Na biyu ya fito a karye, kamar tana koyon magana. A na uku ta faɗe shi sosai.

"Uwaisu."

Wani abu ya yi ta birgima a ƙasan ramin, da gurnani, da ƙara irin ta busasshen kara in ana karya shi. Na toshe baki da mayafi. Sai gurnanin ya koma tari, tarin mutum. Sannan wata murya, a dashe, kamar ta yaro ƙarami.

"Na'am, Inna."

Baba Ishaya ya ambaci sunan Allah da yarensu. Na ji ya ajiye baka, ya jawo tsanin da ke jingine da katanga ya zura.

Mun raka shi gangaren kogi. Ruwan bazara ne, iya gwiwa. Toka ta ci masa fata, kafaɗar na zubar da jini ta cikin riga, bai iya haɗa ido da kowa ba. Ya ce in gaishe da Rahila, sai kuma ya ce a'a, kada in gaishe ta. Ya sa ƙafa a ruwa, ya tsaya, ya juyo wajen Inna.

"Ki ƙara faɗa sau ɗaya."

Inna ta riga ta ja mayafi ta rufe baki. Ta ce ya tafi, gari na wayewa. Ya ɗan jira. Da ya ga ba za ta ƙara ba sai ya shiga ruwan, muna kallonsa har ya hau tudun can ya shige cikin rake.

A hanyar dawowa Inna na gaba ina biye. Na ji tana magana ƙasa-ƙasa, na ɗauka tasbihi take ja, sai da na matso kusa. Sunansa take faɗa, tana ta maimaitawa, har muka iso ƙofar gida.